Wuƙar Niƙa Ciyawa: Wa Take Yi Wa Amfani?

Wanda ya je sayen wuƙar injin yankan ciyawa a Amurka ko Ingila, iri biyu mai shago zai ajiye masa a kan kanta. Ta farko ita ce wadda aka saba da ita: ƙarfe kusan miƙaƙƙe, kaifi a ƙarshensa biyu, bayan kowane kaifi an ɗan tanƙwara shi sama. Tanƙwarar nan ce ke kaɗa iska idan wuƙar na juyawa, iskar ta miƙar da ciyawa tsaye, kaifin ya sare ta, sannan ta cilla ta waje ta ƙofar gefe ko ta tura ta cikin jaka. Ta biyu, wato wuƙar niƙa, ta fi tsada, kuma da gani ka san an yi mata aiki. Jikinta hawa da sauka ne, kaifinta ya miƙa har kusa da tsakiya, wasu ma, irin Gator ta kamfanin Oregon, haƙora gare su a baya. Wannan ba ta sakin ciyawar da ta yanka. Tana riƙe ta a cikin kaskon injin, ta ɗaga ta, ta sake sara, har ta zama gutsi-gutsi ta zube tsakanin tushen ciyawar da ke tsaye. Da yake injin na juya wuƙa wajen sau 3,000 a minti guda, duk wannan cikin ƙiftawar ido ake gama shi.

Shara ce ta sa kasuwarta ta buɗe. Ba'amurke kan aske filin ƙofar gidansa kowane mako, ya ɗura abin da ya aske a leda, ya ajiye wa motar shara. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ƙiyasta cewa a 2018 kaɗai, ciyawa da ganye da rassan da aka kwashe daga gidaje sun haura tan miliyan 35. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 jihohi da dama suka fara hana kai irin wannan shara juji, masana aikin gona na jami'o'i kuma suka shiga yi wa mutane nasiha su bar ciyawar inda ta faɗi. Kamfanonin injuna suka ga ƙofa ta samu.

Nasihar tana da tushe. Ɗanyar ciyawa kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ce, don haka in an yanka ta ƙanana ba ta daɗewa take yanƙwanewa ta ruɓe. Abin da ta zuƙa daga ƙasa, musamman naitirojin, wato sinadarin da manomi ke nema in ya sayi buhun yuriya, yana komawa inda ya fito. Lissafin masanan shi ne hakan na iya biyan kusan rubu'in takin da filin ke buƙata a shekara. Gutsattsarin kuma suna yi wa ƙasa inuwa, danshi ya daɗe, kamar yadda mai noman rani ke shimfiɗa ciyawa a kan bedin da ya yafa irin tumatir.

Sai dai akwai abin da mai talla ba zai gaya maka ba. Takin nan daga ciyawar yake, kuma tsohuwar wuƙa ma tana ba da shi muddin ka cire jaka ka bar abin da aka yanka a fili. Abin da kuɗinka ke saya shi ne laushin yankan da kyan gani: babu layin busasshiyar ciyawa a bayanka, babu bi da manjagara. Ga mai otal ko mai kula da filin ƙwallo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga wanda ke son kawai kada maciji ya samu maɓoya a bayan ɗaki, ban ga dalilin ƙarin kuɗin ba.

Wuƙar niƙa kuma tana da sharuɗɗa, kuma a nan yawanci ake rabuwa da ita cikin fushi. Dole a toshe ƙofar gefen injin da murfin da aka yi dominta, in ba haka ba ciyawar za ta fice tun kafin a sake sara ta. Dole ciyawar ta zama ba jiƙaƙƙiya ba. Sannan kada a cire fiye da sulusin tsayinta a yanka ɗaya, wanda ke nufin a lokacin da take tofo sai an fito da inji duk mako, wani lokaci ma fiye. Ka saɓa wa ɗaya daga cikinsu ka ga abin da zai faru. Ƙarar injin za ta canja, ya fara nishi, ya mutu. In ka kifa shi za ka tarar kaskon ya cushe da koriyar dusa mai ɗumi, ta manne wa ƙarfe sai an kankare da itace. A bayanka kuma ga curi-curin ciyawa, wanda in ya kwana uku a wurin, abin da ke ƙarƙashinsa ya zama rawaya. Ƙaramin inji mara ƙarfi ya fi shan wannan wuya, mai batir kuwa cajinsa kan ƙare da wuri.

Injunan nan sun shigo mana, ana ganinsu a gidajen Abuja da Kaduna da Jos, da makarantu da harabar ofisoshi, gefe guda da masu langalanga. To amma yanayinmu daban ne. A watan Agusta ƙiri-ƙiri da sauran ciyayi ba sa jiran kowa, ruwa kuma na iya sauka kwana biyu a jere. Makarantar da ba a taɓa filinta sai an kusa dawowa hutu, ciyawa ta kai gwiwa, ba ta da abin yi da wuƙar niƙa. Tsohuwar mai cillawa waje ita ce daidai. In filin ya haɗu da ƙarangiya da ta riga ta yi 'ya'ya, niƙa ta a wurin shuka ta ne don baɗi, gara a kwashe. Kuma a wurinmu ciyawa ba shara ba ce, mai tumaki na jira a bakin ƙofa. (Masu dawaki dai su kula: ciyawar inji da aka tara tana saurin tsami, kuma tana murɗa wa doki ciki.) Inda wuƙar ke biyan kuɗinta shi ne filin da ake ba ruwa da rani, ake aske shi a kai a kai, da lokacin da bishiyoyi ke zubar da busasshen ganye, don tana markaɗa shi ya ɓace a cikin ciyawa. Mai hali ya ajiye biyun, ya riƙa sauyawa da kaka da damina.

Kafin ka zargi wuƙar da kake da ita, dubi bakin ciyawar kwana ɗaya bayan yanka. In ya yi fari-fari ya tsattsage, dakushewa ce, kuma yashi da tsakuwar ƙasarmu suna cin kaifi da sauri. Masu injuna kan ce a wasa ta bayan aikin awa 20 zuwa 25. In ka kai wa mai walda, ka sa ya ci gefen biyu daidai, sannan ka rataya ta a ƙusa ta ramin tsakiya; ɓangaren da ya rinjaya a ƙara rage shi, don wuƙar da ta karkace tana girgiza inji har ta lalata shi.

In kuma ka yanke shawarar saye, tafi da tsohuwar a hannu. Tsayi ya zo ɗaya, ramin tsakiya ma haka, domin wani zagaye ne, wani tauraro mai ƙafa biyar, wani mai shida, kuma ba sa shiga wa juna. Wajen ɗaurawa, fara zare wayar fulogi, ka kwantar da injin ta yadda kabureta ke sama don kada baƙin mai ya gangara cikinta, ka tokare wuƙar da guntun katako kafin ka sa sifana. Gefen da aka tanƙwara shi ke kallon kasko, kaifin yana ƙasa.