Labule a Tsakiyar Tafki: Aikin David Schindler

 Yau za mu leƙa arewa maso yammacin lardin Ontariyo a ƙasar Kanada, wani daji mai ɗimbin ƙananan tafkuna kusa da garin Kenora. A 1968 hukumar binciken harkar kifi ta gwamnatin Kanada ta keɓe wasu daga cikinsu domin gwaji, ta damƙa ragamar aikin ga David Schindler, matashi haifaffen Amurka da bai kai shekara 30 ba, wanda ya yi digirinsa na uku a jami'ar Okusfod. Ya riƙe wurin har 1989. Darasin da na gani a aikinsa shi ne, binciken ruwa na haƙiƙa nauyi ne a wuyan gwamnati, domin ita ke da tafkin da kuɗin da ikon jira na shekaru, amma fa ba zai amfani kowa ba sai ta bar ma'aikacinta ya faɗi abin da ya gano.

A wancan lokaci gansakuka ta mamaye Tafkin Erie, kifi na mutuwa, gaɓa na wari. Masana da yawa sun ɗora laifin a kan fosfaras, sinadarin nan da harafin P ke wakilta a jikin buhun takin NPK, wanda a zamanin ake cika garin sabulun wanki da shi. Kamfanonin sabulu suka kafe cewa kabon ne ke ciyar da gansakukar, kuma kowane ɓangare yana da sakamakon gwajinsa na cikin kwalba. A 1973 Schindler da abokan aikinsa suka zaɓi Tafki na 226, mai siffar kalangu, suka tsayar da labulen roba a ƙugunsa. Ɓangarorin tafkin biyu duk aka zuba musu kabon da naitirojin, ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosfaras. Wannan ɓangaren ya rikiɗe ya zama kore shar, ɗan'uwansa kuwa na nan garau. Aka ɗauki hoton tafkin daga jirgin sama, mujallar Science ta buga shi a 1974. Gaskiya ne Kanada ta riga ta fara rage fosfaras a sabulu kafin nan, amma hoton ne ya kashe bakin masu gardama, domin ko ɗan majalisar da bai taɓa shiga ɗakin bincike ba ya gane abin da idonsa ya nuna masa.

Wani zai ce, da wace hujja gwamnati za ta gurɓata tafki mai tsabta da gangan? Tambaya ce mai nauyi, amsarta kuma tana Tafki na 223. Daga 1976 aka riƙa zuba masa asid kaɗan-kaɗan, don a ga abin da ruwan sama mai asid, wanda hayaƙin masana'antu ke haddasawa, yake yi wa halittun ruwa. Gwajin kwalba ya nuna manyan kifaye suna iya jure asid mai ɗan yawa. A cikin tafkin kuwa, tun asid ɗin bai kai wannan matsayi ba, wani ƙaramin jatan lande ya ɓace, ƙananan kifaye suka daina haihuwa, sai manyan suka rame, kai ƙato jiki siriri. Yunwa ce ta fara cin su, abin da kwalba ba za ta taɓa nunawa ba, tunda babu wanda ke cin wani a cikinta. Wannan sakamako yana cikin hujjojin da suka kai Kanada da Amurka ga yarjejeniyar rage hayaƙi a 1991. A ganina, wahalar da ƙaramin tafki ɗaya ya sha ƙarƙashin kulawa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan dubban tafkunan da ke lalacewa ba tare da kowa ya san dalili ba.

Akwai kuma masu cewa ma'aikacin gwamnati ya miƙa rahoto ga shugabanninsa ya kama bakinsa, siyasa ba tasa ba ce. Schindler bai yarda da haka ba, yana magana da 'yan jarida da 'yan majalisa kai tsaye, kuma bayan ya koma jami'ar Alberta ya ci gaba, har bincikensa na 2009 da 2010 ya nuna haƙar mai daga yashi tana ƙara guba a kogin Athabasca. Na yarda yanke hukunci na zaɓaɓɓun shugabanni ne. Sai dai da harajin jama'a aka yi binciken, su ke shan ruwan, to ta yaya za a ɓoye musu sakamakon?

Wani abin takaici ya faru a 2012, lokacin da gwamnatin Kanada ƙarƙashin Stephen Harper ta sanar za ta janye daga wurin gwajin tafkunan, wanda ke cin kimanin dala miliyan 2 a shekara. Masana suka tashi tsaye, Schindler na cikinsu, har wata cibiya mai zaman kanta a Winnipeg ta karɓi wurin a 2014, shekara 7 kafin mutuwar Schindler. Abin da aka kusa asara shi ne irin gwajin Tafki na 227, wanda ake zuba wa taki tun 1969. A 1990 aka daina ba shi naitirojin, aka ci gaba da fosfaras, amma gansakuka ba ta ja baya ba, domin wani nau'inta yana ɗebo naitirojin daga iska. Har yau masana na muhawara kan rawar naitirojin, musamman a ruwan gaɓar teku, kuma hujja mafi ƙarfi da ake kafawa da ita ta fito ne daga awon shekara 37 a jere da aka buga a 2008.