Yadda Ake Fitar da Hayaƙin Murhun Gas ta Tsohon Bututu

Gabatarwa

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Ingila, tsofaffin gidaje suna da murhun jin ɗumi a cikin falo, tare da bututun jan bulo wanda yake fitar da hayaƙi ta saman rufi. A da, kwal ake ƙonawa. Bayan baƙin hazon da ya rufe birnin Landan a shekarar 1952 ya kashe dubban mutane, an yi dokar tsaftace iska a 1956. Daga nan mutane da yawa suka daina ƙona kwal, wasu suka koma ga gas. To, shin tsohon bututu zai dace da sabon murhu?

Inda Matsalar Take

Mai karatu ya sani cewa zafi ne yake sa hayaƙi ya tashi sama. Bututun kwal yana da faɗi, hayaƙin gas kuwa ba shi da zafi kamar na kwal, kuma yana ɗauke da tururin ruwa. Idan ya shiga faffaɗan bututu mai sanyi, sai ya huce kafin ya fita. Tururin ya zama raɓa mai tsami, ta riƙa cin simintin da ke tsakanin bulo. Mafi muni shi ne hayaƙin ya dawo cikin ɗaki da iskar kabon monosaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Alamominta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya, daga nan sai suma, sai mutuwa.

Matakan da Ake Bi

Da farko ana share bututun, a cire kunkunniya da sheƙar tsuntsaye. Sannan a kunna hayaƙin gwaji don a gano tsaga. Idan bututun ya yi faɗi ko ya tsage, sai a zura siririn bututun ƙarfe marar tsatsa daga sama har bakin murhu, daidai da girman da kamfanin murhun ya ƙayyade. Akwai murhu mai rufin gilashi da ake zura wa bututu biyu, ɗaya yana shigo da iska, ɗaya yana fitar da hayaƙi. Murhun da bakinsa yake buɗe kuwa yana jan iskar ɗaki, don haka ba a toshe kafar iska. A ƙarshe a kafa na'urar da take ƙara idan ta ji gubar. A Birtaniya, tun 2009, sai mai rajista da Gas Safe doka ta yarda ya yi wannan sana'a.

Kammalawa

Mu a nan ba mu da irin wannan murhu, amma gubar ɗaya ce da ta janareta da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Duk inda aka hura wuta, a ba hayaƙi hanya. Allah Ya kiyaye mu, amin.