Ƙurar Hunturu, Hayaƙin Murhu da Sanƙarau a Arewacin Zamfara

A ƙarshen shekarar 2016 aka fara kwasar marasa lafiya zuwa asibiti a ƙaramar hukumar Zurmi, da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya. Kafin damina ta sauka a 2017, sanƙarau ya bazu daga Zamfara zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da wasu jihohin. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta lissafa sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 kuma suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu yara. Gwamnan Zamfara na lokacin ya ɗora abin a kan zunuban jama'a, maganar da ta jawo ce-ce-ku-ce. Mumini bai musun ƙaddara, amma an umarce mu da bin sababi, kuma ɗaya daga cikin sabubban wannan annoba yana cikin iskar da mutanen Zurmi da Shinkafi da Ɗan Isa ke shaƙa daga watan Nuwamba har zuwa faɗuwar ruwa.

Hazon da ke rufe Ƙauran Namoda da hunturu baƙo ne daga nesa. Mafi yawansa yana tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda a da can akwai wani makeken tafki da ya ƙafe, ya bar farar ƙasa mai laushi wadda ragowar ƙananan halittun ruwa ce. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta ɗebi wannan gari ta yi sama da shi. Masana da suka je wurin a 2005 suka kafa na'urorinsu, da masu duba hotunan tauraron ɗan'adam, sun yarda cewa babu wani wuri guda a duniya da ke fitar da ƙura kamarsa. Cikin 'yan kwanaki ta iso ƙasar Hausa.

Abin da ya fi damun likitoci shi ne ɓangaren ƙurar da ido ba ya gani, wanda ake kira PM2.5, mai ƙanƙantar da kaurin silin gashi ya ninka shi kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare shi, yana wucewa har cikin huhu. Ita kuwa ƙwayar cutar sanƙarau, mutane da yawa suna ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da ta yi musu komai ba. Idan iska ta bushe ƙarau, ƙura ta yi ta gogar fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta samu hanyar shiga jini, daga nan ta kai ga rigar ƙwaƙwalwa. Wani bincike da masana daga cibiyar CERMES ta Yamai da Jami'ar Liverpool suka buga a 2017 ya gwada alƙaluman masu cutar a Nijar da na yanayi, ya ga cutar tana ƙaruwa bayan ƙura ta yi yawa ko zafi ya tsananta. Suka kuma shaƙa wa ɓeraye ƙura a cikin zafi, sai ƙwayoyin cuta suka fi saurin ratsa jikinsu. Tsofaffinmu sun daɗe da sanin cewa ruwan farko na kashe kaifin sanƙarau; ga dalilin ya fito.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa ƙura laifin 2017 gaba ɗaya. Hazo yana zuwa kowace shekara, annoba kuwa ba kowace shekara ba. Rigakafin MenAfriVac da Najeriya ta fara yi a 2011 na nau'in A na ƙwayar cutar ne kawai, nau'in da ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan a 1996. Wanda ya ɓulla a Zurmi nau'in C ne, jikin mutane bai san shi ba, allurarsa kuma ta yi ƙaranci a duniya, har sai cikin watan Afrilu aka fara yi wa jama'a. Ga jinkirin kai rahoto daga ƙauyuka, ga kwana a cunkushe cikin ɗaki guda saboda sanyi. Ma'aunin ƙurar Sahara da ake yi a tsibirin Barbados tun 1965 ma ya nuna ta fi yawa ne a shekarun farin 1970 da 1980, daga baya ta ragu. A ganina ƙurar nesa tana share wa cutar hanya, amma rashin rigakafi da talauci su ke yanke hukuncin yawan gawarwakin da za a binne.

Abin da ke ƙaruwa a idonmu na cikin gida ne. Kusan kowane gida a wannan yanki da itace ko kara ko gawayi yake girki. Mace na tsugune gaban murhu safe da yamma, goyo a bayanta, hayaƙi na cika madafi marar taga. Da dare kuma a shigar da garwashi ɗaki don jin ɗumi, a rufe ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000, galibi ta hanyar ciwon huhu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gas ɗin girki ya fi ƙarfin ma'aikata da yawa da suka fara amfani da shi, suka koma kan gawayi. Kowane buhun gawayi itatuwa ne aka sare, filin da ya rasa itace kuma shi ma ƙura yake tayarwa. Rashin tsaro ya ƙara dagula lissafin: mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan gefen dajin Dumburum da makamantansu sun taru a cikin garuruwa, a ɗakuna da azuzuwan da ba su ishe su ba, irin cunkoson da sanƙarau ke so.

Zamfarawa sun riga sun ga abin da ƙura ke iya yi. A 2010 garin dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ya kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma sai da yara suka yi ta mutuwa kafin a auna ƙasar.

Akwai kuma batun ɗumamar duniya. Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya, don haka ba murhun matan Ɗan Isa ne ya jawo ta ba. Amma zafin yana iso mu: a Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, masana kuma suka ce irin wannan zafi ba zai yiwu ba in ba don hayaƙin da ɗan'adam ya tara a sama ba. Idan zafi na cikin abubuwan da ke taimakon sanƙarau, bazara mai tsanani barazana ce ga arewacin Zamfara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ilimin yana nan, bai dai iso inda ake bukatarsa ba. Hukumar NiMet tana sanar da zuwan hazo kwanaki kafin ya iso, amma an fi ɗaukar sanarwar a matsayin ta matuƙa jirgin sama. Cibiyar ACMAD da ke Yamai tana fitar da gargaɗin yanayin da ke haifar da sanƙarau. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kare mutum daga nau'i biyar, har da C. Ya kamata Gwamnatin Zamfara ta sa na'urorin auna ƙura a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, ta ɗora wa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda kula da su, gidajen rediyo su riƙa karanta sakamakon da Hausa, a kuma kai allura ƙauyuka da sansanonin 'yan gudun hijira tun watan Oktoba. Iyaye kuma, duk yaron da ya kwana da zazzaɓi da ciwon wuya a lokacin hazo, a kai shi asibiti a ranar.