Tallafin Karatu da Bashin Ɗalibai a Birnin Kudu da Gwaram

Kuɗin da ɗalibin babbar makaranta ke iya nema daga gwamnati iri biyu ne: tallafi, wanda kyauta ne, da bashi, wanda ake biya bayan kammala karatu. Iyaye da yawa a Birnin Kudu da Gwaram kan ɗauki su biyun abu guda, alhali kowanne da hukumarsa da sharuɗɗansa.

Tallafin jiha yana hannun Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Jigawa da ke Dutse. Na 'yan asalin jihar ne, ko suna Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Birnin Kudu, ko ma wata makaranta a Kano ko Zariya. Babban makamin mai nema shi ne takardar shaidar asali daga sakatariyar ƙaramar hukumarsa, wadda a al'ada sai masu sarauta, daga dagaci zuwa hakimi, sun tabbatar da shi ɗan gari ne. Sai takardar shiga makaranta, rasit ɗin rajista, da asusun banki da sunansa. Kuɗin bai cika ɗauke duka ɗawainiya ba, amma yakan rage zafi. Jihar ta kuma tura ɗaliban likitanci ƙasashen waje, kamar Cana da Sayifuros, sai dai guraben kaɗan ne, gasar kuma da zafi.

Bashin kuwa na Gwamnatin Tarayya ne. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokarsa a 2023, aka sabunta ta a Afrilun 2024, asusun NELFUND ya buɗe shafinsa na intanet a watan Mayun shekarar. Ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai ya shafa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ɗalibi kuma ana sa masa naira 20,000 a asusunsa duk wata idan ya nemi kuɗin ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a kai, abin da ya kwantar da hankalin masu gudun riba. Biya yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi.

Inda aka fi yin tuntuɓe a neman bashin shi ne wajen suna. Ana buƙatar lambar JAMB da NIN da BVN, kuma dole bayanansu su zo ɗaya. Yaron da aka rubuta masa Muhammad Sani Gwaram a jarrabawa, katin ɗan ƙasa ya ce Sani Mohammed, banki kuma ya ba da wata ranar haihuwar daban, kwamfuta ba ta san uzuri ba: ajiye shi za ta yi. Gyaran yakan ci makonni, don haka tun a aji shida na sakandare ya kamata a daidaita takardu. Haka nan sai makaranta ta ɗora sunan ɗalibi a rumbun NELFUND kafin ya iya cike komai.

Masu shagunan kwamfuta suna da ladan aikinsu na cike fom, wannan halas ne. Amma neman bashin kansa kyauta ne, duk wanda ya nemi a ba shi na goro don ya "sa suna" ɗan damfara ne.