Sankarar nono: magani ya samu, saura ya kai ga maras lafiya

Ran 5 ga watan Yuni na 2022, a birnin Cikago na ƙasar Amurka, dubban likitoci masu aikin ciwon sankara suka miƙe tsaye cikin zauren taro suna tafi. Wannan ba ɗabi'arsu ba ce. Abin da ya tashe su tsaye shi ne sakamakon gwajin wani sabon magani mai suna Enhertu, wanda kamfanin Daiichi Sankyo na Japan da kamfanin AstraZeneca na Birtaniya suka yi tarayya a kansa. Amma shekara biyu bayan wannan tafi, da yawa daga matan Ingila masu bukatar maganin ba su iya samunsa a gidajen likita na gwamnati ba. Ya kamata mu ji yadda haka ta faru, ko da muna nesa, domin labarin yana nuna ƙofofin da magani yake ratsawa kafin ya shiga jikin maras lafiya.

Sankarar nono, wadda waɗansu ke kira daji ko kansa, ita ce sankarar da ta fi kama mata a duniya. Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, a cikin 2022 an gano ta ga mata miliyan 2 da dubu 300, ta kuwa kashe dubu 670. In an gano ta da wuri, sau da yawa akan yi aiki, a ba da magani, mace ta warke. Amma in ta bar nono ta yaɗu zuwa ƙashi, ko hanta, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa, to, likitoci ba su alkawarin warkarwa. Abin da suke nema shi ne su danne ciwon, su rage wahala, mace ta ƙara watanni ko shekaru tare da iyalinta da yardar Allah.

Sankarar kuwa ba iri ɗaya ba ce. A jikin ƙwayoyinta akwai wani abu da masana suka laƙaba wa suna HER2, wanda yake kamar kunne mai karɓar umurnin hayayyafa. Wajen mace ɗaya cikin biyar, kunnuwan nan suna da yawa ƙwarai, ciwon kuma yana gudu. Wajen kusan rabin mata, akwai su amma kaɗan. Tsofaffin magungunan HER2 masu yawan suke yi wa amfani. Masu kaɗan ɗin ba su da rabo. Shi Enhertu kamar kibiya ce mai dafi. Kibiyar tana bin jini har ta sami HER2 ta liƙe, ƙwayar sankara ta haɗiye ta, sa'an nan dafin ya sake a ciki ya kashe ta, ya kuma tsallaka ya taɓa maƙwabtanta. Shi ya sa ko HER2 kaɗan ne ya isa. Ta hanyar ƙarin ruwa ake ba da shi, sau ɗaya kowane mako uku.

An yi gwajin da mutum 557, kusan dukansu mata masu HER2 kaɗan, waɗanda ciwonsu ya riga ya yaɗu. Kashi biyu cikin uku aka ba sabon magani, sauran aka ba su wanda aka saba. A tsakaicin lissafi, masu sabon magani sun yi wata 9,9 kafin ciwon ya sake motsawa, sauran wata 5,1. Tsawon rayuwa kuma wata 23,4 ne, a kan wata 16,8. Ke nan bambancin wata shida ne da ɗoriya. Mai lafiya yana iya raina wata shida, amma uwa mai ƙananan yara ba ta raina shi. Sai dai dafi dafi ne: kamar mutum 12 cikin 100 sun sami kumburin huhu, uku kuma suka rasu ta wannan hanya.

Ƙofa ta fari ita ce ta izni. A nan tambaya biyu ake yi: shin maganin yana aiki, kuma amfaninsa ya rinjayi illarsa? Hukumar FDA ta Amurka ta amsa ran 5 ga Agusta na 2022, wata biyu cif bayan taron Cikago. Tarayyar Turai ta bi sahu a Janairu na 2023. Masu ciwo kullum suna roƙon a yi hanzari, suna kuwa da gaskiya, amma gaggawa ta taɓa kawo da-na-sani. A 2008 Amurka ta ba maganin Avastin iznin gaggawa don sankarar nono. Da aka zurfafa bincike aka ga bai ƙara tsawon rai ba, ga shi da illa, sai aka janye iznin a 2011.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kuɗi, a nan kuwa aka cije. A Ingila gwamnati ce ke biyan magani, saboda haka akwai wata hukuma mai suna NICE wadda aikinta shi ne ta auna ko amfanin magani ya kai kuɗinsa. A lokacin, ma'auninta shi ne fam dubu 20 zuwa 30 a kan kowace shekara guda ta rayuwa cikin ƙoshin lafiya da magani zai ƙara wa mutum. Farashin Enhertu da aka rubuta a takarda kuwa fam 1.455 ne kowace ƙaramar kwalba, watau fiye da miliyan guda na kuɗinmu na sefa. Mace mai nauyin kilo 60 sai an fasa mata kwalba huɗu a kowane zuwa. Mai karatu ya lissafa da kansa abin da shekara za ta ci.

Da ma akwai wani sassauci da NICE ke yi wa magungunan masu ciwon ajali. A 2022 ta sake ƙa'ida, ta koma auna tsananin ciwo hawa-hawa. Da aka ɗora wannan sankara bisa sabon ma'auni, sai ta faɗa hawa na tsakiya, ba na ƙoli ba. A watan Maris na 2024 hukumar ta ce farashin ya yi yawa, a Yuli ta tabbatar da hukuncinta. Mata masu HER2 da yawa sun ci gaba da samun maganin, domin an riga an yarda musu. Masu kaɗan ɗin, kimanin dubu guda kowace shekara, su aka rufe wa ƙofa. Abin da ya ƙara zafin al'amarin shi ne yankin Sikotlan, wanda ke cikin Birtaniya ɗaya da Ingila amma yana da hukumarsa dabam, ya yarda da maganin tun Disamba na 2023. A wancan lokaci, mata biyu, ciwo ɗaya, sarauta ɗaya, ta arewa da iyaka tana samu, ta kudu ba ta samu.

Ƙungiyar Breast Cancer Now ta tara sa hannun dubban ɗaruruwan mutane. Hukuma ta ce kamfanoni sun ƙi kawo farashi na adalci, kamfanoni suka ce ma'aunin hukuma ne ya karkace. A Nuwamba na 2024 aka sake zama, har ministan lafiya ya sa baki, aka tashi ba a daidaita ba. A ganinmu bai kamata a yi saurin zargin masu awon ba, domin aljihun gwamnati ɗaya ne, abin da aka zuba nan an rage shi can. Abin da ba shi da daɗi shi ne rangwamen da kamfani ke yi wa kowace ƙasa asiri ne. Ciniki ne cikin duhu, talaka bai san nawa aka taya ba, bai san nawa aka sallama ba, ga shi kuwa ransa ake ciniki.

In ƙasa mai arziki kamar Ingila ta ja da baya, ina ga irin namu ƙasashe? Tarihin yayan Enhertu, watau Herceptin, yana ba da amsa. Shi ne maganin HER2 na farko, sunansa na likita trastuzumab. Amurka ta ba shi izni a Satumba na 1998. Sai a 2015 OMS ta sa shi cikin jerin magungunan da suka wajaba kowace ƙasa ta tanada, amma tsada ta hana: wajen dalar Amurka dubu 20 ga mace ɗaya, ba fa dalarmu ta tamma biyar ba. Sauƙi bai zo ba sai da wa'adin haƙƙin mallakar kamfanin ya ƙare, waɗansu masana'antu a Indiya da Koriya ta Kudu suka soma yin makamancinsa. A Disamba na 2019 OMS ta tantance na farko cikinsu, ta ce irin waɗannan sukan fi na asali araha da kashi 65 cikin 100. Daga izni zuwa wannan rana, shekara 21 ke nan.

Nan gida Nijar an yi waɗansu yunƙuri. A 2007 gwamnati ta fitar da dokar kula da sankarar mata kyauta a gidajen likita na hukuma. A 2021 Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai ta soma gashi da na'ura, karo na farko a ƙasar. A Nuwamba na 2021 kuma yarjejeniyar kafa Hukumar Magunguna ta Afirka ta soma aiki, daga baya aka ba birnin Kigali na Ruwanda mazauninta, da niyyar kada kowace ƙasa ta riƙa sake binciken takardun magani guda ita kaɗai.

Amma akwai ƙofa ta uku da ba a cika zancenta ba, ita ce ta awo. Ko da a kyauta aka kawo Herceptin ko Enhertu, likita ba shi ba da su da ka, sai an tabbatar da HER2 a jikin sankarar. Ana ɗibar ɗan tsoka daga kumburin, a jefa shi cikin ruwan formol kafin awa guda ta cika, ya jiƙa aƙalla awa 6, kada kuma ya wuce awa 72, sa'an nan a yanka shi siriri, a rina, gwani ya duba da madubin likita. In an yi sakaci wajen tsoma shi, rinin yana dusashewa, a rubuta wa mace babu alhali akwai. Ga masu HER2 kaɗan abin ya fi wuya, domin tsakanin kaɗan da babu ɗan inuwar launi ne kawai. Matar da aka yi wa aiki a Damagaram, ko Tawa, ko Maraɗi, makomarta tana iya rataya ga ma'aikacin da ya karɓi tsokar a ɗakin aiki: ko akwai formol a kwalba ran nan, ko ya rubuta lokacin da ya tsoma ta, da kuma kwana nawa ta yi a hanya kafin ta isa ɗakin awo.