Wane Fim Ne Ya Fi? Gardamar Da Ba Ta Ƙarewa Tsakanin 'Yan Kallo

Duk inda ma'aikata suka zauna shan iska bayan an tashi daga ofis, ko ɗalibai suka taru a ɗakin kwana bayan sallar lisha, da wuya a watse ba a taɓo zancen fim ba. Tambaya biyu ce ke ta da ƙura. Ta farko ita ce wane fim mutum ya kalla kwanan nan, yaya kuma ya gan shi. Wannan ba ta da wuya, nan take akan yanka wa fim maki, wani ya ba shi bakwai bisa goma, wani ya rantse ko uku bai ci ba. Ta biyun ce mai raba abokai, watau wane fim ne ya fi kwanta wa mutum a rai tun da ya fara kallo. Amsar dattijo dabam, ta saurayi dabam, kuma sau da yawa fim ɗin da dattijon zai ambata saurayin bai taɓa ganinsa ba, ba shi ma da inda zai je ya gan shi.

Dattawan da suka yi samartaka a Kano amsarsu takan fito ne daga gidajen silima irin su Rex, wanda aka buɗe a 1937, da Palace, da Plaza, da Orion, da Eldorado, da Marhaba. Ba sana'a ce da iyaye suka yi maraba da ita ba. A watan Mayu na 1951 gidan silima na El Duniya ya kama da wuta, mutum 331 suka hallaka, mutane da yawa kuwa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Duk da haka kallo bai tsaya ba. A cikin shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori, waɗanda yawancin gidajen ke hannunsu, suka fara shigo da fina-finan Indiya, ba a jima ba kuwa suka shiga gaban na kaboyi da na Ingila a zukatan jama'a.

A cikin dukan waɗannan babu wanda sunansa ya daɗe a bakin 'yan kallo kamar Mother India, wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957. Labarin wata baƙauya ce mai suna Radha, wadda Nargis ta fito a matsayinta. Surukarta ta ci bashin rufi 500 a hannun wani mai ba da rance da ruwa, Sukhilala, don a yi bikin ɗanta. Daga nan kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu ya riƙa tafiya gidan mai bashi kowace kaka, uwar kuɗin kuwa tana nan ba ta motsa ba. Dutse ya murƙushe hannuwan mijin a gona, kunya ta sa ya bar gida bai sake dawowa ba. Ambaliya ta cinye abin da ya saura. Radha ta ja garma da kafaɗarta ta reni 'ya'yanta, ta ƙi sayar da mutuncinta ga mai bashin ko da yunwa ta kai yunwa. Daga ƙarshe ɗanta Birju ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya sungumi 'yarsa zai gudu da ita, uwar ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan da ta fi so.

Ba a buƙatar jin Indiyanci kafin a gane wannan labari, kuma da ma 'yan kallon ba su ji. Manomin da ya taɓa cin dami ɗaya da damina ya biya biyu da kaka ya san Sukhilala tun kafin ya gan shi a bango. Wanda ya tashi a hannun uwar da aka bar wa marayu ya san Radha. Ga shanu, ga tulu a kan mata, ga rawani da lulluɓi, ga kunyar surukai, duk abubuwan da Bahaushe bai taɓa gani a fim ɗin Amurka ba. Wani manazarci, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a kan silima a Kano cikin shekarun 1990, ya tarar har a lokacin ana haska Mother India ana kuma samun 'yan kallo, alhali fim ɗin ya doshi shekara 40.

A nan ne ma'aunin Bahaushe ya fito fili. Ba ya tambayar yadda aka riƙe kyamara. Abin da yake tambaya shi ne, fim ɗin yana da ma'ana? Waƙoƙinsa suna zama a ka? Jarumin ya cika jarumi, mugun kuma ya isa a tsane shi? Sa'an nan babbar shaida, sau nawa aka koma aka sake biyan kuɗin ƙofa saboda shi. Da wannan ma'auni ne Sholay na Ramesh Sippy, wanda ya fito ran 15 ga Agusta, 1975, ya sami gurbinsa. Amitabh Bachchan da Dharmendra sun yi abin yabo, amma mutumin da ya riƙe fim ɗin shi ne Amjad Khan, watau ɗan fashin nan Gabbar Singh. A Bombay sai da aka shekara 5 ana nuna shi a gidan silima guda. A nan gida kuwa ƙauna ta kai har aka raɗa wa 'yan wasan sunaye: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, daga baya Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin.

Zamanin kaset

Waɗanda suka tasa cikin shekarun 1990 nasu zaɓin dabam ne, domin su a falon gida suka yi kallo. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin wannan sana'a. Kafin shekara 10 ta cika har ta sami suna, Kannywood, wanda ya fara bayyana a mujallar Tauraruwa a 1999. Idan aka tambayi matar da ke da shekara 40 a yau fim ɗin da ba ta mantawa, da wuya ta wuce Sangaya ko Wasila.

Sangaya bai zo da sabon labari ba. Ɗan sarki ne ya so baiwar gidansu, dangi suka ƙi. Hoton bai taka kara ya karya ba, sautin ma haka, duk wanda ya sake kallonsa da idon yau zai ga inda aka yi ƙaranci. Amma waƙarsa ta shiga gidajen biki daga Kano har Damagaram da unguwannin zango na Kumasi, ta kuma ɗaga Ali Nuhu da Fati Muhammad zuwa inda ba a taɓa zaton ɗan wasan Hausa zai kai ba. Masu sukar rawa da waƙa a fim ɗin Hausa sukan ɗora alhakin a kansa, masu sonsa kuwa su ce shi ya mai da wasa sana'a. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. A fannin barkwanci dai babu gardama, marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, har yanzu ba a cike gurbinsa ba.

Na kwanan nan

Idan aka juyo kan waɗanda aka kalla a 'yan shekarun nan, biyu sun cancanci a tsaya a kansu, domin su ne suka ɗauki tutar Nijeriya zuwa gasar Oscar ta Amurka da harshen Hausa. Dalilin haka yana da ban sha'awa. A 2019 an fitar da Lionheart na Genevieve Nnaji daga rukunin fina-finan ƙasashen waje saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa. Shekarar da ta biyo sai aka tura The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda yawancin maganarsa Hausa ce.

The Milkmaid labarin wata Bafillatana ce mai tallar nono, A'isha, wadda ta bi sawun 'yar'uwarta Zainab bayan 'yan tada ƙayar baya sun far wa ƙauyensu. An ɗauke shi a Jihar Taraba, hoton tsaunuka da makiyaya kuwa ya kai a yaba. Ƙarfinsa shi ne bai mai da waɗanda aka sace gumaka ba. Zainab, wadda Maryam Booth ta fito a matsayinta, ta rungumi rayuwar dajin har ta zama abar tsoro, wannan rawa ce kuma ta ba ta lambar yabo a gasar fina-finan Afirka ta AMAA a 2020, inda fim ɗin kansa ya zo na ɗaya. Rauninsa shi ne Hausar wasu 'yan wasan, wadda kunnen Bakano ko Bakatsine zai ji ta da ɗan tsami, da kuma yawan kai da komo tsakanin jiya da yau wanda kan rikita mai kallo. Duk da haka ya fi ƙarfin bakwai bisa goma.

Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka tura a 2024, ya bi wata hanyar. Rikicin gadon sarauta ne a wata masarauta ta ƙage mai suna Jallaba, inda sarki ya yi niyyar ɗora 'yarsa a kan karaga. Dawaki da kayan sarauta da faɗin fili sun cika ido, Adam A. Zango kuma ya yi ƙoƙari. Sai dai adon ya fi labarin nauyi, mutum yakan tashi yana tuna rawuna da takubba fiye da mutanen da ke ɗauke da su. Daga shi har The Milkmaid babu wanda ya shiga jerin 15 na zagayen kusa da ƙarshe.

Amma gaskiyar magana, ba waɗannan ne ɗalibai suke gardama a kansu ba. Hirarsu tana kan masu dogon zango ne, irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So, waɗanda duka suka fara a 2020, da kuma fina-finan Indiya da ake juya maganarsu zuwa Hausa. Labarina ya nuna cewa ana iya riƙe mai kallo da zance mai ma'ana ba tare da an tashi rawa kowane minti 10 ba. Ciwon irin waɗannan shirye-shirye ɗaya ne, ba su san inda za su tsaya ba, sai a ja labarin da ya isa mako 13 har ya shekara 3.

Yadda wasu ke yin nasu zaɓen

A Ingila akwai mujallar Sight and Sound wadda tun 1952 take tambayar masana fim, sau ɗaya a kowace shekara 10, su zaɓi waɗanda suka fi. Citizen Kane na 1941 ya riƙe kambun sau 5 a jere, daga 1962 zuwa 2002. Vertigo ya karɓe a 2012. A 2022, da aka faɗaɗa masu zaɓen suka kai 1,639, sai wani fim na wata mata 'yar Beljiyam, Chantal Akerman, ya hau sama, fina-finai biyu na Senegal kuma, ɗaya na Ousmane Sembène ɗaya na Djibril Diop Mambéty, suka sami shiga cikin 100 na farko. Abin lura a nan shi ne, duk fim ɗin da ke cikin jerin an adana shi, an gyara shi, mai son gani zai same shi. Ba a zaɓen abin da ba a gani ba.

To, a nan ne gizo ke saƙa. A 1976 Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Labarin yaro ne ɗan Kagara da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, ya girma ya zama babban malami, da uwar da ta bar gida nemansa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Idan akwai fim ɗin Hausa da zai tsaya kusa da Mother India wajen nuna abin da uwa kan jure, shi ne wannan. Amma shekara da shekaru an ɗauka ya ɓata. Sai a 2016 aka gano faifansa na asali a ɗakin ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta birnin Balin a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018. Watau 'yan kallo a Jamus sun ga Shaihu Umar garau a daidai lokacin da mafi yawan ɗaliban Hausa a jami'o'inmu littafin kaɗai suka sani.

Shaihu Umar ya yi sa'a domin a faifan silima aka ɗauke shi, kuma hukuma ce ta yi shi. Fina-finan shekarun 1990 a kaset aka ɗauke su, kamfanonin da suka yi su kuwa da yawa sun watse. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da laimar damina, yakan yi fumfuna ko ya manne. Abin da ya tsira ya hau intanet sau da yawa kwafin kwafi ne, fuskoki sun dushe, sauti yana shaƙewa, wani ma babu kashi na biyu.

Tun 2001 Jihar Kano take da hukumar tace fina-finai wadda doka ta ce a kai mata fim kafin ya shiga kasuwa, a Jos kuma akwai ɗakin adana fina-finai na ƙasa. Ba abu ne mai wuya ba a wajabta wa kowane mai shiri ya ajiye kwafi mai kyau a lokacin da ya zo karɓar takardar izini, a kuma nemi tsofaffin masu shiri da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a karɓi abin da ya rage a hannunsu a juya shi zuwa na'ura. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi aikin Turmin Danya da Sangaya suna raye, sun kuma san a ɗakin wa kaset ɗin asali ya kwana.