Awa Ɗaya Bayan Darasi: Wa Zai Biya Malamin?

'Yan uwana ɗalibai, kowannenmu ya san wannan yanayi. Malami ya gama darasin lissafi, ya tambaya ko kowa ya gane, aji ya amsa da “eh” baki ɗaya, alhali rabin ajin a duhu suke. An kaɗa ƙararrawa, malam ya kwashi littattafansa ya fita. Wanda bai gane ba zaɓi biyu ya rage masa: ko dai ya bi malam ofis ya yi tambaya, ko kuma ya tafi gida da duhunsa har ranar jarrabawa.

A manyan makarantun Amurka, bin malami ofis tsari ne da aka ware wa lokaci. A farkon zangon karatu malami zai rubuta wa ɗalibansa ranaku da awannin da zai zauna a ofis, ƙofarsa a buɗe, ba ya jiran kowa sai su. Ɗalibi ba ya bukatar neman izini, ba ya kuma biyan ko sisi. Wannan shi ake kira awannin ofis. Sai dai a bayan wannan kyakkyawan tsari akwai wata taƙaddama da aka shafe shekaru ana yi: dubban malamai ba a biyansu kuɗin wannan zama, wasu ma ba su da ofishin da za su zauna a ciki.

Mece ce kwalejin al'umma?

Taƙaddamar ta fi zafi a makarantun da ake kira kwalejojin al'umma. Makarantu ne na gaba da sakandare da ake yin karatun shekara biyu a cikinsu. Daga nan ɗalibi ya fita da shaidar sana'a, kamar aikin jinya ko walda ko kwamfuta, ko kuma ya wuce jami'a ya ƙarasa shekara biyun da suka rage masa ya samu digiri. Wadda ake ɗauka a matsayin ta farko a cikin na gwamnati ita ce kwalejin Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901. Jill Biden, matar tsohon shugaban Amurka Joe Biden, ta ci gaba da koyar da Turanci a irin wannan kwaleji a jihar Virginia ko a lokacin da mijinta ke kan mulki.

Jihar Kalifoniya ce ke da tsari mafi girma a ƙasar: kwalejoji 116 a ƙarƙashin gundumomi 73, da ɗalibai kimanin miliyan biyu. Kuɗin makarantar ya yi ƙasa sosai da na jami'a, kuma ƙofa a buɗe take ga duk wanda ya gama sakandare. Shi ya sa ɗaliban da ke cikinsu galibi 'ya'yan talakawa ne, da 'ya'yan baƙin haure, da magidanta masu aiki da rana su yi karatu da dare, da waɗanda su ne na farko a gidansu da suka taka babbar makaranta. Ku riƙe wannan, domin shi ne ƙashin bayan maganar.

Malamai iri biyu, aji iri ɗaya

Idan ɗalibi ya shiga aji, ba zai iya bambance malamin dindindin da na wucin gadi ba. Dukkansu ana bukatar su mallaki takardun shaida iri ɗaya, a yawancin darussa digiri na biyu. Manhaja ɗaya suke koyarwa, makin da suke bayarwa kuma darajarsa ɗaya. Bambancin yana cikin takardar ɗaukar aiki.

Malamin dindindin yana karɓar albashi, kuma albashin ya haɗa da komai: shiga aji, shirya darasi, duba takardun jarrabawa, taron malamai da zaman ofis. A gundumomi da yawa na Kalifoniya yana koyar da awa 15 a mako, ya kuma zauna a ofis awa biyar. Shi kuwa malamin wucin gadi zango-zango ake ɗaukarsa, kuma bisa al'ada ana lissafa kuɗinsa ne a kan awannin da ya tsaya a gaban allo. Idan ɗalibai ba su cika aji ba, ana iya soke darasin ana saura kwanaki a fara, ya tashi a tutar babu.

Irin waɗannan malamai ba tsiraru ba ne. A kwalejojin al'umma na Kalifoniya, kusan biyu cikin kowane malamai uku na wucin gadi ne. Tun 1988 jihar ta kafa doka da ta sa burin cewa malaman dindindin su riƙa koyar da kashi 75 cikin 100 na awannin karatu, amma tsarin gaba ɗayansa bai cimma wannan buri ba.

Akwai kuma wata doka da ta hana malamin wucin gadi ɗaukar sama da kashi 67 cikin 100 na aikin malamin dindindin a gunduma ɗaya, wato kamar darussa uku ke nan. Majalisar jihar ta zartar da ƙudurin ɗaga wannan iyaka a 2021 da 2022, amma Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu, yana mai nuna damuwa da yawan kuɗin da hakan zai ci. Saboda haka wanda yake son ya samu abin riƙe gida sai ya haɗa aiki a gundumomi biyu ko uku: safe a nan, azahar a can, dare a wani wuri. Har laƙabi aka yi musu da ke nufin masu shawagi a babban titi, saboda rabin rayuwarsu a mota take ƙarewa. But ɗin motar shi ne ɗakin ajiyar takardunsu.

Wa ke ɗanɗana kuɗarsa?

A ce ɗalibai biyu sun biya kuɗi ɗaya, suna yin darasin lissafi ɗaya a kwaleji ɗaya. Ta farko ta faɗa ajin malamin dindindin. Duk lokacin da wani abu ya shige mata duhu, ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Na biyun ya faɗa ajin malamin wucin gadi. Ana tashi daga darasi malam ya duba agogo, domin wani aji na jiransa a wata kwaleji mai nisa. Tambayar ɗalibin sai dai a amsa ta a tsaye a baranda, ko a kan hanyar zuwa wurin ajiye motoci, ko ta imel da tsakar dare.

Malamai da yawa suna tsayawa su taimaka duk da haka, kyauta, saboda tausayi da son aikin. Amma Bahaushe ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Alherin da ya dogara kan sadaukarwar mutumin da shi kansa yake faɗi-tashin biyan haya ba ya ɗorewa.

Kuma abin da ake samu a zaman ofis ya wuce maimaita darasi. A nan ne malami ke gane cewa ɗalibar da ta faɗi gwaji ba daƙiƙiya ba ce, aikin dare take yi. A nan ne ake nuna wa ɗalibi yadda zai gyara rubutunsa layi-layi, a ba shi shawarar fannin da ya dace da shi, a rubuta masa takardar shaida ta neman gurbin jami'a ko tallafin karatu. Ɗan mai kuɗi yana da malamin lesin, yana da iyayen da suka san hanya. Ɗan talaka kuwa sau da yawa wannan awa ɗaya ita ce duk gatansa.

Abin da aka yi a kai

A 1997 Kalifoniya ta kafa wani shiri na musamman domin biyan malaman wucin gadi kuɗin zaman ofis. Yadda yake aiki shi ne, gunduma ta zauna da ƙungiyar malamai su amince da yawan awanni da abin da za a biya, sannan gwamnatin jiha ta mayar wa gundumar da wani kaso na abin da ta kashe, wanda a farko bai wuce rabi ba.

Shirin ya zo da rauni biyu. Na farko, ba tilas ba ne, gundumar da ta ga dama ita ke shiga, shi ya sa malami ɗaya zai iya samun kuɗin ofis a kwalejin da yake koyarwa da safe, ya rasa a wadda yake zuwa da yamma. Na biyu, asusun ya dogara da kasafin kuɗin kowace shekara. Da matsin tattalin arziki ya zo a 2009 aka zaftare shi, gundumomi suka riƙa samun abin da bai kai rabin da suka sa rai ba. A kasafin 2021 an zuba masa ƙarin kuɗi masu kauri, sannan a 2024 aka ɗaga kason da jiha za ta iya mayarwa zuwa kashi 90 cikin 100, domin a jawo hankalin gundumomin da ke jan ƙafa.

Wasu malaman kuma kotu suka nufa. A 2022 malaman wucin gadi suka kai gundumar kwalejin Long Beach ƙara, suna cewa ana sa su aikin da ba a biyansu, kamar shirya darasi, duba takardu da ganawa da ɗalibai. A farkon 2025 alƙali ya ba su gaskiya, ya ce suna da haƙƙin a biya su ladan aikin da suke yi a wajen aji.

Su ma shugabannin kwalejoji suna da hanzarinsu. Suna cewa kuɗin da ke hannunsu ƙayyadadde ne, yawan ɗalibai yana hawa yana sauka, kuma ɗaukar malaman wucin gadi ne ke ba su damar buɗe ajujuwa da yawa a farashi mai sauƙi. Suna ƙarawa da cewa wasu malaman suna da babban aikinsu a waje, kamar lauya ko ma'aikaciyar jinya da ke koyar da darasi ɗaya da yamma. Wannan gaskiya ne. Sai dai ko malamin attajiri ne, ɗalibinsa na bukatar lokacin ganinsa, kuma arhar da ake samu ta hanyar ƙin biyan wannan lokaci, ɗalibi ne ke cike gurbinta da makinsa.

Mu fa, ina ruwanmu?

Wasunku na da burin karatu a Amurka, kuma kwalejin al'umma na cikin hanyoyin da ɗaliban ƙasashen waje ke bi saboda sauƙin kuɗi. Duk wanda Allah Ya kai shi, ya duba takardar tsarin darasi da malami zai raba a makon farko, ya nemi awannin ofis, ya kuma je tun kafin abubuwa su caɓe.

A nan gida ma akwai makamancin wannan. Makarantu da yawa suna da malaman da ƙungiyar iyaye da malamai ke biya ɗan abin da ya samu, da masu yi wa ƙasa hidima, da malaman da ke zagaya makarantun kuɗi biyu ko uku a rana. Idan irin wannan malami ya tsaya bayan an tashi ya warware muku wani lissafi, ku sani daga lokacinsa ya yanko muku. Ku je da tambayarku a rubuce, ku nuna masa inda kuka gwada kuka maƙale, ku haɗu ku uku ko huɗu idan matsalarku ɗaya ce, sannan ku yi godiya. Matambayi ba ya ɓata.

Nan da wasu shekaru a cikinku za a samu shugabannin makarantu, da masu makarantun kansu, da masu tsara kasafin kuɗin ilimi. Ranar da takardar albashin malamai ta zo teburinku, ku lissafa har da awar da malami ke zama da ɗalibi bayan darasi, domin ita ma koyarwa ce.